Musayar Waƙa: Ƙarar Babur Ta Hana Ni Barci

Ɗiyar Tsafe:
Assalamu alaikum 'yan'uwana,
Ku ji kukan da ke cikin raina.
'Yan bindiga sun ƙone garina,
Na tsira zuwa Gusau da goyon ɗana.
Ƙarar babur in ta ratsa kunnena,
Jiki ya hau ɓari, in rasa numfashina.
Damina ta wuce ban samu barcina,
Ana cewa rauni ne a imanina.
Har na koma ina zagin kaina:
Wasu sun miƙe, ni ina nan a wurina.

Malam Na-Zazzau:
Ƙanwata, imaninki bai yi rauni ba,
Mai faɗin haka bai yi bincike ba.
Annabi Yaƙub bai ɓoye baƙin ciki ba,
Idanu suka yi fari, Allah bai zarge shi ba.
Suratu Yusuf, aya ta 84, ki duba.
Ranki na da haƙƙi a kanki, ba ki ji ba?
Sahabi Salman ne ya faɗa, Manzo bai musa ba.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Yaya, ƙaddara ce, ki rungume ta,
Abin da ya wuce ki daure ki manta.

Inna 'Yar Baga:
Ɗana, mantuwa ba a umartar ta,
Da ana iyawa da tuni na yi ta.
Baga a Janairun 2015 muka bar ta,
Har yau akwai daren da nake mafarkin ta.
Ɗiyata, zo kusa ki ji ta bakin uwa:
A Maiduguri ɗinkin hula na kama,
Kullum da hantsi sai in zauna a tabarma,
Mu huɗu, mu biyar, ana suka ana magana.
Ranar da hannu ya ƙi, sai in ajiye,
Ba na tsine wa kaina, gobe in ɗauka.
Zuciya ma hula ce, suka ɗaya ba ta gama ta.

Anti Mai Jinya:
Inna ta faɗi gaskiya, ga ƙarin sawa:
Jikinki ne ke tsaron ki, bai san an tsira ba,
Shi ya sa ƙara kaɗan ke sa shi firgita.
In ta taso, ki dafa ƙasa da tafin sawu,
Ki ja iska ta hanci a hankali,
Ki sake ta a tsanake, fitar ta fi shigar tsawo.
Ki koya da rana, lokacin da babu tsoro,
Bayan kowace salla, don dare ya same ki da sabo.
Ki daina kallon bidiyon hari a waya.

Malam Na-Zazzau:
Nana A'isha ta ruwaito, Buhari ya kawo:
Aikin da Allah ya fi so, mai ɗorewa ko kaɗan ne.

Ɗiyar Tsafe:
Anti, na gwada, na ɗan ji sauƙi a ƙirjina,
Amma mafarkin bai rabu da darena.
An ce in je asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, tsoro ya cika raina,
Kar a ce hauka ya kama uwar ɗana.

Anti Mai Jinya:
Asibitin Kware da ke Sakkwato na masu firgici ne ma,
Haka Barnawa a Kaduna, haka Dawanau a Kano.
Dokar 1958 mai kiran mutum mahaukaci an soke ta,
Sabuwa ta zo a Janairun 2023, ta ba ki haƙƙin sirri.
Ki gaya wa likita mafarkin yadda yake zuwa,
Ki nemi 'yar'uwar da za ta riƙe miki goyo, ku tafi tare.