Zauren Ma'aikatan Lafiya na Karkara: Kumburin Saifa da Ƙarancin Jinin da Ya Ƙi Jin Magani

Malam Habu, Auyo: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani manomi mai kimanin shekara 40 da ya zo asibitinmu yana kukan kasala, gumin dare da saurin ƙoshi, har ya ce loma kaɗan yake yi ya ji cikinsa ya cika. Da na taɓa shi sai na tarar saifarsa ta sauko kusa da cibiya, ga kuma tabon tsagar wanzami a gefensa na hagu. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na tsargiya, ya sha na ƙarin jini kwalba-kwalba daga kemis, amma awon da ya yo a Haɗejia ya nuna fararen ƙwayoyin jininsa sun haura 150,000, alhali na mai lafiya ba sa wuce 11,000. Ina ya kamata in tura shi, kuma me zan gaya wa iyalinsa?

Dakta Nura, Birnin Kudu: Wa alaikumus salam, Malam Habu. A yankinku na fadama tsargiya da zazzaɓi ne suka fi kumbura saifa, don haka ba laifi da aka fara da su, sai dai babu ɗayansu da ke kai fararen ƙwayoyi wannan adadi. Abin da na fi zargi shi ne sankarar jini mai tafiya a hankali, wadda ake kira CML. Ƙwayar halitta a cikin ɓargo ba ta rabuwa biyu sai saƙo ya zo mata, kuma wasu furotin ne ke karɓar saƙon su miƙa shi ciki. A wannan cuta, kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta) na 9 da na 22 ne ke musayar ɓangare, abin da Janet Rowley ta gano a 1973, shekara 13 bayan Nowell da Hungerford sun fara ganin gajeren kuromosom ɗin a birnin Filadelfiya. Daga wannan musaya ake samun furotin BCR-ABL, wanda yake ta ba da umarnin hayayyafa ba tare da an aiko shi ba, kamar injin ban-ruwa da makunninsa ya maƙale, gona ta cika amma yana ta zuba. Shawarata ita ce ka rubuta masa takarda zuwa sashen cututtukan jini na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka haɗa da ainihin takardar awon, domin a sake duba jinin sannan a nemi BCR-ABL ɗin kansa. Iyalinsa kuwa, ka gaya musu cewa akwai ƙwayar magani ta haɗiya, imatinib, wadda aka amince da ita a Amurka a 2001, tana toshe wannan furotin kai tsaye, kuma mafi yawan waɗanda suka fara ta da wuri suka dage da sha suna komawa harkokinsu.

Hajiya Rabi, Ringim: Allah ya saka da alheri, Likita. Abin da zan ƙara shi ne maganin yana da tsada ga manomi, amma an daɗe ana bayar da Glivec, wato imatinib ɗin da sunansa na kamfani, kyauta ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, saboda haka a tambayi likitocin Kano yadda ake shiga shirin a yanzu. A kuma ja kunnen majinyaci tun ranar farko, domin mutanenmu da zarar saifa ta saɓe suka ji ƙarfi sai su ajiye magani, kuma a irin wannan sakaci ne cutar kan dawo ta ƙi jinsa. Idan mace ce mai shekarun haihuwa, dole likita ya san batun juna biyu kafin ta fara, saboda maganin na iya cutar da ɗan tayi.

Malama Saude, Gwaram: Tunda an taɓo maganin ƙarin jini, ni ma ina da tambaya, ranku ya daɗe. Akwai wata baiwar Allah da ta yi watanni tana shan ƙwayar ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, an kuma ba ta maganin tsutsar ciki, amma tafin hannunta fari fat, ga gudawa mai majina da ba ta ɗaukewa, ga rama. Shin in canza mata zuwa na ruwa ne?

Malam Isyaku mai awon jini, Gumel: Malama, a ganina canza kwalba ba zai yi amfani ba. Hanta tana fitar da wani ƙaramin furotin, hepsidin, wanda aikinsa shi ne rufe ƙofar da ayon ke bi daga hanji ya shiga jini. Idan akwai daɗaɗɗen kumburi a jiki, ƙwayoyin garkuwa suna sakin saƙon IL-6, hanta ta ƙara yawan hepsidin, sai abin da aka haɗiya ya wuce ta bayan gida, wanda ke jiki kuma ya kulle a ma'ajiyarsa. Shi ya sa a irin waɗannan majinyata awon feritin, mai nuna yawan ayon da ke ajiye a jiki, kan fito daidai ko ma sama, mai karantawa ya ɗauka ba a rasa komai ba. Ina ba da shawarar a yi mata cikakken awon jini, a duba bayan gidanta, a yi mata gwajin tarin fuka da na ƙanjamau, a kuma auna ƙodarta, domin ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon eritropoyetin na ƙera jajayen ƙwayoyi, kuma mu na wannan shiyya mun san yadda ciwon ƙoda ya addabi jama'a. Idan daga baya ta koma kan ayon, kada ta riƙa kora shi da shayi, domin yana rage shigarsa jiki.

Dakta Nura, Birnin Kudu: Na yarda da Malam Isyaku, kuma ina so a riƙe batun tarin fuka da kyau. Irin wannan gudawa da rama na iya sa a zargi cutar Crohn, wadda saƙon garkuwar jiki na TNF ke rura kumburinta a hanji, amma tana kama da tarin fukan hanji ƙwarai, har a hoto. Infliximab, da aka amince da shi don masu Crohn a Amurka a 1998, yana danne TNF, amma wannan saƙon ne jiki ke amfani da shi wajen killace ƙwayar tarin fuka, don haka wanda aka yi wa allurar ba tare da gwaji ba na iya samun cutar ta bazu masa. A ƙasarmu tarin fuka ya fi Crohn yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ba na son kowa ya fara ba irin wannan majinyaciya firednisolon, maganin da ke danne garkuwar jiki, daga kanti. Malama Saude, ki tura ta Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko ki turo mana ita nan.

Malama Saude, Gwaram: Na gode, Likita, nan wurinku ya fi mana kusa. Ta kuma daɗe tana shan omefirazol saboda gyambon ciki. Ko hakan zai shafi gwajin?

Malam Isyaku mai awon jini, Gumel: Zai shafi na ƙwayar H. pylori mai haddasa gyambon ciki idan ta bayan gida za a neme ta, Malama, domin maganin yana rage yawanta har sakamako ya nuna babu ita. Ana so a dakatar da omefirazol mako biyu kafin gwajin, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu, amma likitan da zai gan ta ne zai yanke lokacin dakatarwar. Ki rubuta a takardarta duk abin da take sha, har da diklofenak idan tana sayensa don ciwon jiki, ki kuma tambaye ta ko bayan gidanta ya taɓa fita baƙi tun kafin ta fara shan ayon.