Yaya zan yi kyanwar nan ta saba da ni?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati 3 ke nan wata 'yar kyanwa ta tare a bayan kicin ɗinmu, ƙarƙashin itacen girki. Duk ta rame, ga ciwo a ƙafar baya, ina zargin jifan yara ne. Kullum bayan magariba nakan ajiye mata kan kifi da ruwa, amma ba ta fitowa sai na shige ɗaki. Da na matso sai ta kwantar da kunnuwa, ta yi huci, ta ƙule.

Ciwon ne ya hana ni sukuni, ya fara ruwa, ga sanyin hunturu. So nake in kai ta wurin likitan dabbobi, amma ina tsoron in damƙe ta da ƙarfi ta gudu gaba ɗaya. Don Allah, ta ina zan fara?