'Yan Koriya da aka kai riƙo ƙasashen waje da gwajin DNA, ya abin yake ne?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah wanda ya san kan abin nan ya min bayani. Na ji wai yaran da aka kwasa daga Koriya ta Kudu tun suna jarirai aka kai su riƙo Amurka da Turai yanzu sun girma suna neman iyayensu da gwajin DNA, toh ni abin da ya ɗaure min kai, ba akwai takardu ba? ai dai wanda ya bada yaro ya san inda ya samo shi, me ya kai su ga tofa yawu a kwalba?

Abu Hanif:
Wa'alaikumussalam Maman Ilham, ai takardun ne ma matsalar. Tun bayan yaƙin Koriya da ya tsaya a 1953 aka fara fitar da yaran, kusan 200,000 aka kai waje, a 1985 kaɗai sun haura 8,000. A watan Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya da sulhu ta ƙasar ta fito ta ce an tafka maguɗi, yaro iyayensa na raye a rubuta maraya ne ko tsintacce dan a samu saurin fitar da shi, wani ma sunan wani yaron daban aka liƙa masa ya tafi da shi. Kuma ko takardar gaskiya ce ba za a baka sunan uwa ba sai in ta amince. Kinga kuwa wanda aka canza wa suna da ranar haihuwa me ya rage masa in ba jininsa ba.

Ummu Sadiq:
Hakane Malam, sai dai gwajin ma ba sha yanzu magani yanzu bane fa. In ka yi da kamfanonin gwajin DNA irin su 23andMe ko AncestryDNA ko MyHeritage sai cikin waɗanda suka yi gwajin za a nemo maka dangi, su kuma mutanen cikin Koriya basu cika yin irin waɗannan ba, shi yasa da yawa dangi na nesa kawai ke fito musu, daga nan a dinga bin salsala ana tambaya har Allah Ya sa a dace. Ƙungiyar 325Kamra tana raba kayan gwajin kyauta ga iyayen da ke can saboda wannan giɓin, sannan daga 2020 wanda aka kai riƙo waje na iya bada samfurin DNA ɗinsa a ofishin jakadancin Koriya a haɗa da na 'yan sanda masu ajiye bayanan ɓatattu.

Maman Ilham:
Ikon Allah. Toh Anti ana dacewa kuwa?

Ummu Sadiq:
Ana dacewa 'yar uwa. Wata uwa 'yar Koriya, Han Tae-soon, 'yarta ta ɓata a 1975, ta shekara 44 tana nema ashe an kaita Amurka, sai 2019 DNA ya haɗa su, wlh duk sanda na tuna matar nan sai zuciyata ta karye. Amma akwai irin su Kara Bos da aka kai riƙo Amurka, ita har kotu ta je a Seoul, a 2020 aka tabbatar mata da mahaifinta, sun zauna amma bai faɗa mata komai kan mahaifiyarta ba, alhali ita uwar take nema tun farko.

Abu Hanif:
Sannan iyayen duk sun tsufa, wanda ya bada ɗa a 1975 yau shekarunsa nawa? Ni a ganina kamata yayi gwamnatin ta bi su har gida da kayan gwajin tun suna raye.