Haɗinmu da MySQL yana mutuwa cikin dare, ina neman taimako

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da manhajar wani shagon magani a Aboabo, nan Kumasi, da Python da SQLAlchemy. Kullum da safe sai ta ce "MySQL server has gone away". Na gane MySQL na yanke haɗin da ya yi awa 8 ba aiki, sai na kunna pool_pre_ping, wannan ya warware.

Abin da ya rage shi ya fi damuna. In intanet ya katse rana tsaka, gwajin kansa sai ya maƙale, ba amsa ba kuskure, masu saye na tsaye suna jira. Shin PyMySQL na jiran amsar sabar ne har sai TCP ya haƙura? Read_timeout zan sa, ko keepalive? Don Allah wanda ya sani ya taimaka.