Kun ce an binne shi, ga shi ya cika filin wasa

Ɗan Chaji, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Shekaranjiya na ɗora bidiyon mawaƙin Amurka Kanye West, ko minti biyar bai yi ba aka goge, ba a ma kira ni an ce ga laifina ba. Alhali kullum ana cika mana waya da tallan atamfa da fastar 'yan siyasa, babu mai taɓawa. To tunda an hana ku gani, bari in faɗa muku da baki. Filin wasa ne a Shanghai, watan Yulin 2025, cike maƙil, ana tafka ruwa mutane na tsaye ba su watse ba. Wannan fa shi ne mutumin da kamfanin Adidas ya raba gari da shi a watan Oktoban 2022 kan zagin Yahudawa, kamfanin Balenciaga ya sallame shi, mujallar Forbes ta cire sunansa daga masu biliyan, kowa ya ce tasa ta ƙare. Yau ga shi yana bin manyan filayen wasa ɗaya bayan ɗaya. Maganata ita ce: kamfani ba ya kashe mawaƙi, masu sauraro ke kashe shi, su kuwa ba su gaji da wannan ba. Bawan Allah ya yi kuskure, ya tuba, ya koma sana'arsa. Mai ja ya fito.

Malam na Kanwuri: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban san mutumin ba kuma ba na neman saninsa, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Tuba ka ce? Tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da barin laifin nan take, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuma da haƙƙin wani a mayar. Wanne ya cika? Kada mu riƙa ɗaukar kalmar addini muna yafa wa kowane makaɗi.

Ɗan Chaji: Allah ya gafarta Malam, ba tubar masallaci nake nufi ba. Haƙuri ya ba da. A Disamban 2023 ya rubuta wa Yahudawa ban-haƙuri, da harshensu ma ya rubuta.

Ticha Samaru: To ƙarasa mana, ƙanena, kada ka tsaya a rabin hanya. Bayan wannan ban-haƙurin, a Fabrairun 2025 wa ya koma yana zazzaga musu zagi a X? Wa ya sa riga mai tambarin 'yan Nazi a kasuwa har Shopify ta rufe masa shagon intanet ɗin? A watan Mayu ya saki waƙar yabon Hitler, saboda ita Ostareliya ta soke masa biza, ƙasar matarsa ke nan fa. In wannan ce tuba, to akuyar maƙwabcinmu ma kullum tana tuba da ɓarnar dawa, daga magariba zuwa asuba.

Bakabe: Kai Ticha, wallahi ka kashe ni da dariya.

Abban Sabon Gari: Duk wannan surutu ne. Don ya taɓa Yahudawa ne aka taso shi gaba. Shekara nawa mawaƙan gambara suna waƙar bindiga da ƙwaya da zagin mata, wane kamfani ya kore su? Ku dubi Gaza kafin ku zo kuna mana wa'azi.

Ticha Samaru: Abba, kada ka haɗa Gaza da shirmen attajiri. Wanda ke jin zafin kisan Falasɗinawa ba zai yabi mutumin da ya hallaka Yahudawa miliyan shida ba, kuma shi Hitler ɗin da ya ga baƙar fatarka da tawa ba mutane zai ƙirga mu ba. Wannan Kanye ɗin ne kuma a 2018 ya ce bautar da aka yi wa baƙaƙe shekara 400 kamar zaɓinsu ce. Kakanninsa ke nan yake faɗa wa haka.

Abban Sabon Gari: Turo hujja.

Ticha Samaru: A gidan labaran TMZ na Amurka ya faɗa, bidiyon na nan. Datar da zan turo maka da ita ka saya mini.

Maman Iman Atamfa: Ni dai tunda an ambaci tallan atamfa sai na yi magana. Ɗan Chaji, in da ni kake ka kira sunana. Sana'ata halal ce, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara. Kai kuma mutumin da kake wa kamfen, ba shi ne ya fito da matarsa wurin bikin kyautar mawaƙa ta Grammy kusan haihuwar uwarta ba? Wannan ne tubabben naka?

Ɗan Chaji: Anti, ki yi haƙuri, ba ke kaɗai ke talla ba. Kuma jama'a ni maganar cika fili na kawo.

Baba Maradun: Ku yara mi kuka sani ga waƙa? Wanga da kuka hwaɗi, shina da amshi? Shina da kotso? Mu da munka ga Ɗanƙwairo da 'yan amshinai gaban sarki, ba wuta ba lasifika, murya tana kai ƙarshen gari, ba mu tsayawa kallon mai ruhe huska da baƙin ƙyalle shina tsalle cikin hayaƙi.

Bakabe: Ranka ya daɗe Baba, gaskiya ka faɗa. Amma in maganar tubar mawaƙi ake, mu Kebbi muka san ta. Gambu mai waƙar ɓarayi, ɗan Fagada, ya yi zamaninsa yana wasa ɓarayi, daga baya ya ce ya tuba ya bari. Wannan ita ce tuba, ka bar abin da ke kawo maka kuɗi. Shi kuwa naku kullum tubarsa tana zuwa ne daidai lokacin sayar da tikiti.

Baba Maradun: To Bakabe, abin alfaharin naku ke nan, mawaƙin ɓarayi?

Bakabe: Baba, da girmanka. Kassu Zurmi ɗan wace jiha ne? Limamai yake wa waƙa?

Baba Maradun: Kassu 'yan tauri da mahalba ya yi ma kiɗi, maza ke nan. Kak ka haɗa.

Na Gada Biyu: Ni abin da ya ba ni mamaki, a Zamfara ake tambayar ma'anar tuba. Mu da muka ga tubabbun 'yan bindiga a 2019? An yi sulhu, an ɗauki hoto ana miƙa bindigogi, an rantse. Bayan nan me ya faru? A Satumban 2021 har layukan waya aka rufe mana, muna tafiya Funtuwa don mu kira 'yan'uwa. Tun ranar in na ji an ce wane ya tuba sai in duba aljihuna.

Jikan Sarkin Fawa: Ka fito fili ka ce Matawalle kake zagi. Lokacin sulhun nan aƙalla an samu watannin da mutane suka je gona suka dawo. Yanzu da naku ya ce ba sulhu, an daina ɗaukar mutane ne a hanyar Ɗansadau?

Na Gada Biyu: Ban kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kuma Gwamna Dauda bai taɓa zama da ɓarawo ya kira shi tubabbe ba.

Jikan Sarkin Fawa: Nawa ake ba ka a wata?

Na Gada Biyu: Daidai abin da aka daina ba ka tun 2023.

Malam na Kanwuri: Subhanallah. Kun ga abin da nake gudu. Da an bar kalmar a mazauninta da ba a kai nan ba.

Nas Asabe: Malam, a yi mini afuwa in sa baki. Babu wanda ya ambaci cewa mutumin nan da bakinsa ya ce likitoci sun gano yana da cutar da ke sa mutum ya hau sama ya faɗo ƙasa a tunani, kuma a 2016 an soke sauran wasanninsa, aka kwantar da shi asibiti. Ina aiki da masu irin wannan lalurar. Wani in abin ya motsa sai ya kwana uku bai runtsa ba, ya rabar da kayan shagonsa, ya zagi mahaifiyarsa, bayan sati biyu ya zo yana kuka ya kasa haɗa ido da ita. Ban ce a wanke shi ba, cuta ba ta koya wa mutum ƙin wata al'umma. Amma masu shirya wasan da ke tura shi gaban dubban mutane, lafiyarsa suke dubawa ko kuɗin ƙofa?

Abban Sabon Gari: Wato yanzu mahaukaci kuka mayar da shi. Duk wanda ya faɗi abin da ba a so sai a ce ya zautu.

Nas Asabe: Ban ce mahaukaci ba, Abba. Koma ka karanta.

Ɗan Chaji: Jama'a don Allah. Fili ya cika ko bai cika ba? Tambayar ke nan tun safe.

Ticha Samaru: Ya cika. Kuma a Shanghai ɗin da kake taƙama da shi ya makara fitowa, mutane suka yi ta ihun a mayar musu da kuɗinsu. Wannan ɓangaren bai shiga bidiyon naka ba?

Ɗan Chaji: Ruwa aka yi, Ticha. Grammy 24 gare shi. Naka gwanin nawa gare shi?

Ticha Samaru: Ni ba ni da gwani, albashi nake jira.

Admin: To alhamdu lillahi, an tattauna an amfana. Ga taƙaitawa ga waɗanda ba su samu bibiya ba. Ɗan'uwa ya kawo maganar wani mawaƙin Amurka yana cewa ya tuba, Malam ya yi bayani gamsasshe cewa ba tuba ba ce, kuma kusan kowa ya gamsu. Baba ya tunatar da mu cewa namu mawaƙan na gargajiya sun fi. An kuma tabbatar sulhun 2019 bai haifar da ɗa mai ido ba, duk da wani ya so ya kawo ruɗani. Game da goge bidiyo, ni na goge, kuma abin da aka faɗa yau ya nuna na yi daidai. An rufe wannan magana. Wanda ya sake tayar da ita zai huta kwana uku a waje.

Jikan Sarkin Fawa: Wa ya tabbatar? Kai da wa?

Ɗan Chaji: Admin ban ce na gamsu ba fa.

Maman Iman Atamfa: Sabbin kaya sun iso daga Kantin Kwari, akwai leshi da shadda. Mai so ya yi mini magana ta gefe.