Naira dubu 40 gare ni: fandeshin mai tsada guda ɗaya, ko matsakaici da konsila?

Amaryar Bazara: Assalamu alaikum 'yan uwa mata, ina neman shawarar waɗanda suka riga ni gani. Bikina saura mako shida, zai faɗo tsakiyar watan Afrilu lokacin da zafin Kano yake kan ganiyarsa, kuma a cikin kuɗin lefe an ware mini naira dubu 40 domin kayan fuska kawai. Ni wankan tarwaɗa ce, fuskata tana da maiƙo sosai, domin kafin azahar goshina da karan hancina sun fara ƙyalli, sannan ina da baƙaƙen tabon ƙuraje a kumatu. Kwalliyar kamu da ta dina akwai mai yi mini, abin da nake nema shi ne wanda zan riƙa shafawa da hannuna idan baƙi suka fara zuwa ganin ɗaki. Shin in tara kuɗin a kan fandeshin (wanda ake shafe fuska da shi domin daidaita kala) mai tsada guda ɗaya, ko kuwa in raba su tsakanin matsakaicin fandeshin da konsila (ta rufe tabo) da hoda?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri. Ki sayi fandeshin Fenty ki huta. Tun da mawaƙiya Rihanna ta fitar da shi a 2017 da kala 40, babu baƙar macen da za ta ce ta rasa nata. Ni nakan fara shafa mai sosai a fuska kafin in sa shi, saboda fatata bushewa take yi har ta yi furfura da hunturu.

Uwargidan Zariya: Maman Biyu, yarinyar nan ta ce fuskarta maiƙo gare ta kuma a bazara za a yi bikin, ke kuma kina ba ta maganin hunturu. Ban da haka, kuɗin da ta ambata ba za su sayi kwalba ɗaya ta wannan ba. Ƙanwata, Maybelline Fit Me mai hana ƙyalli ya ishe ki, ki haɗa da konsilar L.A. Girl, ki ajiye canji domin hoda. Ni dubu 11 na sayi fandeshin ɗin, konsilar kuma dubu 4 da ɗari biyar.

'Yar Fagge: Anti, wallahi an tsawwala miki. Wannan konsilar dubu ɗaya da ɗari biyar na saye ta a Sabon Gari makon jiya, fandeshin ɗin kuma dubu 5.

Yayar Amarya: 'Yar Fagge, wannan arahar da kike murna da ita ce ta sa ni kuka bara, kuma ina roƙon amarya ta karanta labarina har ƙarshe. Ana saura kwana tara bikin ƙanwata na ga wata mai sayarwa a Instagram tana tallar fandeshin na wani babban kamfanin waje a kan rabin kuɗinsa, ta ce ragowar kaya ne take son ta rabu da su. Na tura mata dubu 18, ɗan aike ya kawo cikin kwali mai kyau da ledarsa. Da na buɗe sai na ji wani wari kamar na fenti, ruwan ya rabu gida biyu, mai a sama, ƙasa kuma kamar kunun da ya kwana, amma son zuciya ya sa na girgiza na shafa. Washegari da asuba na tashi fuskata ta kumbura, ƙananan ƙuraje sun feso tun daga haɓa har gefen kunne, ga ƙaiƙayin da ko ruwan alwala ya taɓa sai in ji kamar an zuba mini barkono. Na kashe fiye da kuɗin fandeshin ɗin a asibiti, na yi wunin bikin ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya da niƙabi a ƙuryar ɗaki, babu ni a hoto ko ɗaya. Da na kira matar sai ta ce fatata ce ba ta saba da kaya masu kyau ba, daga nan ta toshe lambata. Tabon da ya bar mini har yau shi nake rufewa da konsila.

Maman Biyu: Subhanallahi, sannu Yaya. Allah ya saka miki. Kin kai ƙara NAFDAC kuwa?

Yayar Amarya: Ban kai ba, domin ba ni da adireshinta, kwalbar ma na jefar da ita cikin ɓacin rai, kuma wannan kuskure ne da nake nadama.

Anti Mai Kwalliya: Shekarata tara ina yi wa amare kwalliya, saboda haka ku bar ni in yi magana. Farashi shi ne shaida ta farko: tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk kayan da aka shigo da shi da dala kuma ake sayar da shi da kuɗin da ko a Amurka ba a samunsa, jabu ne. Amarya, ki je shago da ƙafarki, kada ki zaɓi kala ta hoton waya. Ki ɗiga kala biyu ko uku a muƙamuƙinki, ba a bayan hannu ba, ki fita hasken rana, ki jira kamar minti ashirin, domin a fata mai maiƙo wasu sukan ƙara duhu ko su koma ja bayan sun zauna. Konsilar rufe tabo ta zama daidai kalar fatarki, mai haske kuwa ta ƙasan ido ce kawai, idan kika ɗora ta a kan baƙin tabo toka-toka zai koma. Kuma kada ki sayi komai sai kin gama dilka da halawa, domin kalarki za ta canza. Kwalba mai mililita 30 takan kai wata huɗu ko fiye ga mai shafa kaɗan, kuma idan kika ga hoton ƙaramin gwangwani a buɗe da 12M a jikinsa, wata 12 ke nan bayan buɗewa. Ki duba na gida irin su Zaron, an yi su domin fatarmu da zafinmu. Idan kina so ina da su.

Uwargidan Zariya: Duk bayanin ya yi kyau har zuwa jimlar ƙarshe. Mai kaya a hannu ba ta zama alƙaliya a kan abin da ya cancanci kuɗi, mu da muke saye da guminmu mu ne shaida.

Anti Mai Kwalliya: Hajiya, ke fuska ɗaya kika sani, ni na taɓa ɗaruruwa. Sayar da kaya bai mayar da abin da na faɗa ƙarya ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Ku yi haƙuri ku duka, amma babu wadda ta tambaye ta ko ƙurajen suna fitowa har yanzu. Idan suna fitowa, lafta abu mai kauri a kai ƙara su zai yi, kuma gara ta cire wani abu daga kuɗin ta ga likitan fata. Kowane sabon abu ki fara gwada shi a bayan kunne, ki ba shi kwana biyu kafin ya hau fuska.

'Yar Fagge: Ku dai ku taimaka a zaɓa mata kalarta daidai, kada ango ya ɗaga mayafi ya ce a dawo masa da wadda ya biya wa sadaki!

Yayar Amarya: Kin yi raha, amma abin da ya faru da ƙanwata ke nan. Baƙa ce kyakkyawa, mai kwalliyar da muka biya dubu 60 ta mayar da fuskarta fara fat, wuya da hannu suna nan baƙi, da hasken kyamara ya haska sai ta fito kamar an barbaɗa mata gari. Kala uku kacal ta zo da su, kuma soso ɗaya ta yi amfani da shi a fuskar amarya da ƙawaye shida ba tare da ta wanke ba.

Maman Biyu: Ni abin da ya fi damuna shi ne salla. Ana fara kwalliya tun ƙarfe biyu, a lafta wanda ruwa ba ya ratsawa, sannan a ce wa amarya kada ta kuskura ta taɓa ruwa har dare. La'asar da magariba fa?

Anti Mai Kwalliya: Ba dukanmu ba ne. Ni sai amarya ta yi alwala nake fara aiki, kuma farar fuskar nan sau da yawa iyayen amarya ne suke cewa a ƙara haske, idan ka ƙi su ce ba ka iya ba. Akwai uwar da ta tsaya a kaina sai da na sake fuskar 'yarta gaba ɗaya.

Uwargidan Zariya: To ai ku ne kuka koya musu, da hotunan da kuke wallafawa bayan kun goge komai da manhaja.

Amaryar Bazara: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙurajen sun daina fitowa tun bara, tabon ne kawai ya rage. Zan jira in gama dilka kamar yadda Anti ta ce, sannan zan tambayi mai kwalliyata kala nawa za ta zo da su. Sai dai har yanzu ban gane ba, konsilar nan dubu ɗaya da ɗari biyar ce ko dubu 4 da ɗari biyar, kuma ta yaya zan bambance ta gaske idan aka ajiye mini su biyu a kan kanta?