Ƙidayar ƙuri'a da yadda ake fitar da wanda ya yi nasara

Masana sun fi jaddada abu ɗaya: kafin a duba wa aka zaɓa, a ƙirga takardun cikin akwati, a gwada da adadin masu zaɓen da aka tantance. In takardu sun zarce, akwai aringizo. A ware lalatattun ƙuri'u a gaban wakilan jam'iyyu, sannan kowane wakili ya sa hannu a takardar sakamako, ya karɓi kwafi. Sau da yawa a wurin tattarawa ake sauya alƙaluma, kwafin nan shi ne hujja.

Ƙa'idar nasara kuwa ta bambanta. Kujerar majalisar Birtaniya rinjaye kawai take buƙata, wato wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ke nasara ko da bai kai rabi ba. Shugabancin Faransa sai an haura rabi, in ba haka ba a je zagaye na biyu. A zaɓen shugaban Amurka ana neman ƙuri'un wakilai 270 cikin 538 na majalisar wakilai ta musamman da ke zaɓen shugaban ƙasa.